Fim ɗin jirgin sama a kyamarar 4x5: yanka, ɗauka da wanki a zafin Bauchi

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum. Tambaya ce ga manyanmu na ɗakin duhu. Naɗin Agfa Aviphot Pan 200 mai faɗin santimita 24, irin wanda ake ɗora wa kyamarar jirgi don zana taswira, ana iya yanka shi a sa a gidan fim na 4x5, wato kyamarar da ke ɗaukar falle mai inci 4 a 5? In ana iyawa, a wane ISO (lambar saurin fim wajen karɓar haske) za a ɗauka, kuma da me za a wanke? Gwangwanin ya ce 200, amma ana ta cewa wannan 200 ɗin ba irin namu ba ne.

Safiyo: Wa alaikumus salam. Ana iyawa. Amma ka fara sanin don wa aka yi fim ɗin, sauran amsoshin duk daga nan suke fitowa. Kyamarar jirgi irin su Wild RC10 da Zeiss RMK tana ɗaukar hoto mai santimita 23 a 23, tana kallon ƙasa ta cikin iska mai nisa. Daga can sama hazo yana cinye bambancin haske da inuwa, komai ya koma toka-toka. Don haka aka yi wa fim ɗin abu uku: aka ƙara masa kaifin baƙi da fari, aka sa yana ganin ja har zuwa wajen nanomita 750 don ya keta hazo, sannan aka shafa maganin da ke kama hasken a kan ledar foliyesta siririya mai kaurin milimita 0.10, don mita da yawa su shiga gwangwani ɗaya kuma kada ya miƙe ko ya tsuke ya ɓata ma'aunin taswira. Kai kuma a ƙasa kake, rana tsaka, farar riga ga baƙar inuwar zaure. Abu ukun nan kowanne sai ka yi masa dabara.

Batun 200 kuwa gaskiya suka faɗa. Saurin fim ɗin jirgi da ma'auni daban ake auna shi, a kan fim da aka wanke da ƙarfi, a wurin da duhun nagatif ya kai 0.3 sama da na leda tsura. ISO namu a 0.1 ake aunawa, can cikin inuwa, da wanki mai sauƙi. In ka rage wanki don baƙi da fari su lafa, saurin ma sauka zai yi. Ka lissafa shi tsakanin 50 da 100.

Baba Mai Hoto: 50 dai, Malam Safiyo. Wanda ya ɗauka a 100 a ranar Bauchi zai samu inuwa fayau kamar gilashi, ba komai a ciki. Kuma akwai dalili na biyu: inuwa hasken shuɗin sama ne ke haska ta, wannan fim ɗin kuwa ƙarfinsa ya karkata wajen ja. Na'urar auna haske ba ta san da haka ba.

Safiyo: Ranka ya daɗe, a rana tsaka na yarda. Amma da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da hasken ya yi ja, ko ranar da gari ya lumshe, 100 tana fita lafiya. Shi ya sa na ba shi tazara.

Baba Mai Hoto: Mai koyo ba tazara yake so ba, lamba yake so. Ya riƙe 50 har ya yi gwaji.

Injiniya: Bari a yi maganar yanka, don a nan ake asarar fim. Fallen 4x5 na kamfani bai cika inci 4 a 5 ba, yana wajen milimita 100 a 125 ne. Kada ka yi aiki da rula, ka samo tsohon nagatif na 4x5 ka yi ma'auni da shi. Abin yankan takarda na masu bayindin ya isa, amma mai wuƙa mai zagayawa ya fi mai sara aminci ga yatsu a duhu. Ka manna kwali mai kauri da salatif a wurare biyu a kan allon, ɗaya a 125, ɗaya a 100, su ne za su tare fim ɗin tunda ido ba ya aiki. Ka fara yanke tsawon 125 daga naɗin, ka juya shi, ka fitar da 100 sau biyu. Milimita 40 za ta rage, kada ka yar, da ita ake gwajin fiksa, maganin da ke tabbatar da hoto bayan wanki. Naɗi mai mita 76 zai ba da falle sama da 1,200 a wannan lissafi.

Gara ka gaza da rabin milimita da ka wuce. In ya wuce, zai tanƙware a cikin layin gidan fim, tsakiyarsa ta kumbura. Mai 8x10 kuma yana iya yanke gajeren gefen kawai daidai da tsohon nagatif, ya bar dogon gefen a 240. Zai gaza kaɗan a tsawo, amma layin zai riƙe shi.

Foliyesta ba ta yagewa da hannu. Almakashi ya kasance a wuri ɗaya da hannu ya sani.

Maman Hanifa: A ƙara da cewa babu jan fitila. Wanda ya saba da fim ɗin hoton ƙashi na asibiti zai ce ai ja ba ya komai. Wancan shuɗi ko kore yake gani, wannan kuwa ja ne abincinsa. Duhu dunɗum. A rufe ɗigon wutar inbata, da na caja, da na mita, da agogo mai haske a hannu. A zauna minti 10 a ɗakin tukuna, in ido ya fara ganin tafin hannu to ɗakin bai yi ba. Kuma ledar wannan fim ɗin garau take, tana jan haske ta gefe ta kai shi ciki, don haka ɗan hasken ƙarƙashin ƙofa da ya taɓa bakin naɗin zai shiga fiye da yadda ake zato.

Ɗan Wunti: Na gode Hajiya. To ta yaya zan gane fuskar da maganin yake, tunda ba shi da tsaga a kusurwa irin na kamfani?

Maman Hanifa: Yawanci ana naɗe shi maganin na ciki, kuma wajen maganin yake lanƙwasawa. Amma kada ka dogara da yawanci. Yanki ɗan guntu, ka datse kusurwa ɗaya don ka tuna yadda yake a naɗin, ka rufe gwangwanin, ka kunna wuta. Fuskar magani ba ta sheƙi, bayan kuwa yana sheƙi. Daga nan kowane falle ka yanka, ka riƙe shi a tsaye fuskar maganin na kallonka, ka datse kusurwar sama ta dama da almakashi, yadda tsagar kamfani take. Ka yi datsar nan take, kada ka ce sai ka tara. In ka sa shi baibai hasken zai bi ta rinin bayan fim kafin ya kai ga magani, hoton ya fito a raunane.

Injiniya: Sai kuma lokacin yanka. Kada a yanka a tsakiyar hunturu in da hali. Iska a bushe take daga Disamba zuwa Fabrairu, in ka ja foliyesta da sauri daga naɗi sai ta yi tartsatsi, har ido yana gani a duhu. Bayan wanki za ka ga zane baƙi mai rassa kamar saiwar ciyawa a kan nagatif. Ga ƙura da ledar ke jawowa kamar maganaɗisu, kowace ƙwaya ɗigo ne baƙi a hoton da aka buga. In dole ne, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin awa guda kafin a fara, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma ya bushe, a sa rigar auduga, a warware naɗin a hankali, kuma a kashe fanka.

Ɗalibi: Gafara dai manya. Tunda fallen kamfani kaurinsa wajen milimita 0.18 ne, wannan kuma 0.10, ba zai sa saiti ya kauce ba? Gilashin saiti ai da kaurin na kamfani aka daidaita shi.

Injiniya: Tambaya mai kyau, ƙanena, amma lissafa ka gani. Bambancin milimita 0.08 ne. Rangwamen da kake da shi a wajen fim shi ne lambar ƙofar haske sau 0.1 na milimita, gaba da baya, in abin da ake ɗauka yana nesa. A f/22 kana da milimita 2.2 kenan. Wannan 0.08 ɗin ba ta ko motsa shi. Abin tsoro kumburi ne, ba kauri ba. Siririn fim yana iya tasowa daga bangon gidansa da milimita guda, musamman da damina, don maganin yana shan laima ya kumbura ya turo tsakiya wajen lensi. A f/22 ka tsira. Amma masu ɗora lensin Kodak Aero Ektar mai milimita 178 a kan kyamarar Speed Graphic su buɗe shi f/2.5, rangwamensu milimita 0.25 ne kacal. Nan za ka saita ido, kunne ya fito da kyau.

Dabarar hana kumburi: ɗan guntun salatif mai manne fuska biyu, mara ƙarfi, a tsakiyar bangon gidan fim. Ka fara manna shi a riga sau biyu uku ya rage danƙo. Ko ka sa tsohon nagatif baƙi a baya ya tallafe shi, in layin gidan zai ɗauki kaurin biyun. Da damina kuma in ka zare marfin zamiya ka jira kamar rabin minti fim ya gama motsinsa kafin ka danna.

Baba Mai Hoto: Kuma a mayar da marfin a hankali. In ka ji ya cije kada ka tura, fallen ne ya fito daga layi, kana turawa zai faɗa cikin zuga-zugin kyamara. Ka lulluɓe da baƙin zane, ka bar komai yadda yake sai an shiga duhu.

Ɗan Wunti: Saura wanki, Baba.

Baba Mai Hoto: Abin da kake nema maganin wanki mai sanyin hali. Rodinal kashi 1 cikin 50 na ruwa, wato mililita 10 a rabin lita, a auna da sirinji. Fara gwaji daga minti 10 a digiri 20, kaɗawa a hankali rabin minti na farko, sannan sau biyu uku kowane minti. In fari ya toshe, rage minti biyu. Kada a tsuke hannu a magani: wannan mililita 10 ɗin na falle huɗu ne na 4x5 ko ɗaya na 8x10, in ka ƙara falle ka ƙara magani.

Wanda zai iya samun sinadarin metol, haɗin da ake kira D-23 ya fi dacewa da wannan fim ɗin, kuma abu biyu ne kawai: metol giram 7.5, sodiyam salfayit giram 100, ruwa lita 1. Ruwan ya yi ɗumi wajen digiri 50. A fara jefa ɗan salfayit kaɗan, sannan metol ya narke sarai, sannan sauran salfayit. In ka zuba salfayit duka da farko, metol zai ƙi narkewa. A kula wajen masu sayar da sinadarai, salfayit daban, metabaisalfayit daban. Ana surka shi rabi da rabi da ruwa a yi wanki ɗaya a zubar.

Maganin wankin fim ɗin asibiti kada a kusance shi. Shi ma don kaifi aka yi shi, kaifi kan kaifi sai ka samu gawayi da alli.

Maman Hanifa: Baba ya ce digiri 20 kamar a Jos muke. A watan Afrilu ruwan tankin sama yana wuce 30. Abin da zai yiwu shi ne a tsaya a 24: a sa kwalaben magani uku a bahon ruwa, a jefa fiya wata mai ƙanƙara a bahon, ba a cikin maganin ba, a bi da ma'aunin zafi. Minti 10 a 20 yana komawa wajen minti 7 a 24. Kada lokacin ya gaza minti 5, wankin zai yi dabbare-dabbare. In ya gaza, a ƙara surki zuwa kashi 1 cikin 100 a tsawaita. Kuma duk ruwan da zai taɓa fim, daga jiƙo har ɗauraya, kada ya bambanta da fiye da digiri biyu uku. Daga ruwan sanyi zuwa na famfo mai zafi kai tsaye yana iya sa fuskar maganin ta yamutse. Ruwan randa da asuba ya fi na tanki kusa da abin da ake so.

Ɗalibi: Wanda bai da Rodinal fa? An ce ana wankewa da kofi. Kanwa za ta iya maye gurbin sodar?

Injiniya: Ana yi. A lita 1: sodar wanki busasshiya giram 54, garin bitamin C giram 16, kofi mai narkewa giram 40, a narkar da su bi da bi a haka, wajen minti 15 a digiri 20 ga fim na yau da kullum. Ga wannan sai ka rage. Kanwa kuwa a bar wa miyar kuka. Gauraye take, kabonet da baikabonet da gishiri da yashi, kowane dunƙule da ƙarfinsa, yau ta wanke gobe ta ƙi. In ba sodar wanki, ka gasa bakin soda a tanda mai zafin digiri 200 na awa guda, za ta koma kabonet.

Safiyo: Ni inda nake da ja shi ne wankin tire. Kusurwar wannan fim ɗin kaifi gare ta kamar reza, kuma ba shi da nauyin da zai kwanta. Masu juya falle shida a tire ɗaya za su kwashe su duk da ƙarzuwa. Firam ɗin tanki irin MOD54 ma don kaurin 0.18 aka yi shi, siririn falle yana suɓucewa in aka kifa tanki, ya manne da na kusa. Bututun roba na masu aikin famfo ya fi: faɗin ciki wajen milimita 40, tsawo ya ɗan wuce fallen, da marfi biyu. A goge bakin da sanfefa ya yi sumul. A naɗe fallen fuskar magani na kallon ciki, a zuba magani, a rufe, a yi ta mirgina shi a bahon ruwa. Tunda kaɗawar ba ta tsayawa, a rage lokacin da kashi 15 cikin 100. Farin bututu haske na ratsa shi, a nemi baƙi ko a yi aikin a duhu.

Baba Mai Hoto: Bututu na da nasa aibin, Malam. Bayan fim yana manne da bango, rinin bayan ba ya fita, sai an zaro shi an ƙarasa a tiren fiksa. Kuma zaro jiƙaƙƙen siririn fim daga bututu shi ma ƙarzuwa ne in ba a cikin ruwa aka yi ba. Tire ba laifi in falle ɗaya ne, fuska sama, tiren ya girmi fallen, 8x10 ga 4x5, don igiyar ruwa daga gefe kada ta ƙona bakin hoton. Ɗaya bayan ɗaya, ai ba gasa ake ba.

Safiyo: Mai falle 1,200 yana wanke ɗaya ɗaya, Allah ya ba shi tsawon rai.

Maman Hanifa: Amin. Kowanne aka zaɓa dai a jiƙa shi minti 2 a ruwa kafin magani. Ruwan zai fito da launi, rinin hana ƙyalli ne, ba matsala. Tsayar da wanki: ruwa zalla sau biyu, ko farin binega kashi 1 a ruwa kashi 3. Fiksa kuwa ta masu kayan asibiti tana yi, a nan ba a hana ba. Wasu suna zuwa gida biyu, na biyun mai taurara fuskar fim ne, kuma a zafinmu yana da amfani, sai dai yana tsawaita ɗauraya zuwa minti 20 ko 30. A jefa guntun nan na milimita 40 a fiksa da wuta a kunne, a ga minti nawa ya yi kafin ya washe, a ninka biyu, lokacin fiksa kenan. Ranar da lokacin washewar ya ninka na farko, fiksar ta gaji.

Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, wanda ba asid a ciki, da Photo-Flo, maganin hana tabon ruwa, kashi 1 cikin 200. Ruwan burtsatse yana barin tabon farar ƙasa. A rataye ta kusurwa a banɗaki a rufe ƙofa, a sa maƙali a ƙasa ya ja shi, in ba haka ba zai naɗe kamar tabarma.

Ɗan Wunti: Gwajin da Baba ya ambata fa, ta yaya za a yi shi in babu na'urar auna duhun nagatif?

Injiniya: Na'urar auna haske ta isa. Mataki ɗaya shi ne ninka haske ko raba shi biyu; duhun 0.3 mataki ɗaya ne, 0.1 sulusin mataki. Nemi bango mai launi ɗaya a inuwa, saita lensi a nesa, auna a ISO 50, ka rufe mataki huɗu daga abin da ta ce, ka zare marfi rabi kawai ka ɗauka. Bayan wanki ka ɗora nagatif a kan haske mai daidaito, ka auna rabin da bai ga haske ba da wanda ya gani. In bambancin ya kai sulusin mataki, 50 ta yi. In bai kai ba, sauka 32 ko 25. Falle na biyu ka buɗe mataki uku sama da abin da ta ce. Wannan ya kamata ya fi leda tsura duhu da kamar mataki huɗu. In ya kai biyar ko shida, wankinka ya yi yawa, rage lokaci, kada ka taɓa ISO.

In tsohon Kodak ne, irin Plus-X Aerographic 2402 ko Panatomic-X 2412 da suka daɗe a ajiye, ka wanke falle ɗaya da bai ga haske ba ka ga yawan tokar da shekaru suka sa masa. Mai jinkiri kamar Panatomic-X ya fi jure tsufa. In tokar ta yi yawa, benzotirayazol da aka narkar kashi 1 cikin 100, mililita 5 zuwa 10 a lita, yana rage ta, amma yana cin sauri. Naɗin da ya fito daga firiza kuma a bar shi a rufe kwana guda kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kai ya manne. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, gara a yanki na wata biyu a sa a kwali mai baƙar leda, babban gwangwanin a naɗe bakinsa da salatif kada laima ta shiga duk narkewar da firiza zai yi.

Ɗalibi: To tunda yana keta hazo, kenan da hunturu zai fito da duwatsun Dass ko Zaranda daga nesa tas?

Safiyo: A'a, kada ka sa rai sosai. Hazon da yake ketawa shi ne mai shuɗi-shuɗi na nisa, wanda ƙananan ƙwayoyin iska ke watsa gajeren haske su bar ja ya wuce. Filta rawaya Wratten 12 da ake sawa a jirgi don shi aka yi ta. Ƙurar hunturu ƙwayoyinta manya ne, kusan kowane launi take tarewa, jan filta ta ɗan taimaka ne kawai. Lokacin wannan fim ɗin shi ne bayan ruwan sama, Agusta zuwa Oktoba, a Yankari ko bakin dam ɗin Gubi. Da jan filta 25 ka ƙara mataki biyu ka gwada, ba lallai uku ba kamar sauran fina-finai. Da filta R72, mai tare kusan duk hasken da ido ke gani, ka lissafa ISO 6 ko ƙasa, ka auna ba filta, ka saita ba filta, sannan ka ɗaura ta don ido ba ya gani ta cikinta, ka rufe f/22. Ganyen kuka da na ɗorawa su yi fari, sama ta yi baƙi, ruwa ya yi baƙi.

Baba Mai Hoto: Mai ɗaukar mutane kuma ya sani ko ba filta fata tana fitowa da haske fiye da yadda take, leɓe ya koɗe, jar hula da jar ƙasa su yi fari-fari. Ginin ƙasa na cikin gari yana rasa nauyinsa in rana ta doke shi gaba da gaba, sai a jira ta karkata ta zana shi daga gefe. In dattijo za ka ɗauka kana son fuskarsa ta fito da kamanninta, sa filta kore mai haske, ka ƙara mataki biyu, ka zaunar da shi a bakin zaure inda hasken ke shigowa ta gefe ɗaya, ka sa yaro ya riƙe farin zane a ɗaya gefen.